Dami Nawa, Baki Nawa? Waiwaye Kan Arzikin Man Fetur na Nijeriya da Nijar

Gabatarwa

Tun ƙarshen shekarar 2011, lokacin da Jamhuriyar Nijar ta fara tace man fetur nata na kanta a kusa da Damagaram, wata muhawara ta shigo majalisun hira na ƙasar Sakkwato, kuma har yau ba ta fita ba. A tashar mota, a teburin mai shayi, a rumfar kasuwa, daga Dogon Daji zuwa Tambuwal har Kebbe, za ka ji wani ya ce ai Nijar ta kusa kamo mu. Wani ya ce ina, ai kifin rijiya ba ya gasa da na gulbi. Na uku kuma ya ce tunda an samu a Nijar, to lalle akwai shi kwance a ƙarƙashin gonakinmu, mugunta ce kurum ta hana a haƙo.

Kowane daga cikinsu yana da ɗan abin da ya riƙa, amma duka ukun da mudu guda suke awo, wato yawan gangunan da aka ce suna cikin ƙasa. Manomin wannan yanki kuwa ya san ba haka ake auna wadata ba. In aka ce masa wane ya noma dami ɗari uku, wane kuma dami hamsin, ba ya saurin yanke hukunci, sai ya tambaya: baki nawa ke ci a kowane gida? Yaya nisan gonar da kasuwa? Nawa ne bashin da aka ci da damina? Rumbun yana da ƙofar ɓera ko babu? Da waɗannan tambayoyi na manomi muke son mu bi tarihin man ƙasashen biyu. Mun kuma zaɓi mu tsaya a Dogon Daji mu yi kallon, domin hanyar nan da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Shagari da Dogon Daji da Tambuwal ta nufi Jega, ta fitar da mutum uku waɗanda hannunsu ya taɓa wannan tarihi, kamar yadda za mu gani.

Awon Turawa

Ba yau aka fara ɗora ƙasashen nan biyu a kan sikeli ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan takarda, daga garin Sayi na bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Cadi, kudu na Ingila, arewa na Faransa, alhali ba ɗayansu da ya mallaki ko taƙi guda a ƙasar Hausa tukuna. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Lod Salisbury, har ba'a ya yi a majalisa, yana nuna cewa rairayi kawai aka bar wa Faransa. A 1898 aka sake zama, aka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, aka ce abin da ke cikinta na Ingila ne. Faransawa suka koka cewa an tura su inda babu rijiyoyi, ba yadda ayarinsu zai tashi daga Kwara ya isa Damagaram. Sai a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, bayan Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a 1903, aka sassauta masu, aka tsayar da iyakar da muke gani yau.

Mudun Turawa a wancan zamani shi ne ruwan sama, da yawan masu biyan haraji, da abin da ƙasa ke tsirarwa. Da wannan mudu Ingila ce ta ci riba. Babu wanda ya san cewa a ƙarƙashin rairayin da aka yi wa dariya akwai yuraniyom na Arlit, akwai kuma man Agadem. Ashe darajar ƙasa tana bin abin da duniya ke nema a zamanin ne.

Zamanin Gyaɗa

Kafin man fetur, man gyaɗa ne ya riƙe ƙasashen biyu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka zama abin da Arewa ke sayar wa duniya, har ya zamana a shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa. Nijar ma da gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta dogara, kuma da yawanta ta Kano take bi zuwa Ikko. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya karkatar da ita ta Gaya, ta shiga Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, ta fita ta Kwatano. Mai karatu ya riƙe wannan hanya, don za mu sake haɗuwa da ita.

A nan mutum na farko ya shigo. Alhaji Ibrahim Dasuƙi, wanda aka haifa a Dogon Daji a 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru, shi ne ya shugabanci hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Arewa a 1966, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Wannan hukuma ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje. Tana saye da araha ta sayar da tsada, kuma da rarar ce gwamnatin Sardauna ta yi ayyuka da dama. An daɗe ana kukan cewa tana tauye manomi, kuma kukan yana da tushe. Duk da haka akwai abu guda da ya kamata mu lura da shi. Kuɗin gyaɗa daga ƙasa yake hawa sama: sai manomi ya shuka, ya cire, ya ɓare, sannan gwamnati ta sami nata. Kuɗin fetur kuwa daga sama yake saukowa: kamfani ya biya gwamnati, gwamnati ta raba wa wanda ta ga dama. A tsari na farko hukuma ce ke bukatar talaka. A na biyu talaka ne ke jiran hukuma.

Man Nijeriya

Wani kamfanin Ingilishi ne ya fara neman mai a kudancin Nijeriya tun kafin yaƙin duniya na farko. A ƙarshen shekarun 1930 aka ba kamfanin Shell D'Arcy izinin bincike, amma sai a Janairun 1956 aka dace a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yau. A Fabrairun 1958 jirgin farko ya tashi da ɗanyen man Nijeriya, lokacin ana haƙo ganga 5,100 a rana. Bayan yaƙin basasa, a 1971, ƙasar ta shiga ƙungiyar OPEC. Da yaƙin Larabawa da Isra'ila ya ɓarke a Oktoban 1973, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni.

Wanda ke riƙe da baitulmalin ƙasa a lokacin shi ne mutum na biyu, Alhaji Shehu Shagari, Kwamishinan Kuɗi na Tarayya daga 1971 zuwa 1975. A idonsa kuɗi suka kwararo kamar ruwan Agusta. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko, suna jira ana biyansu kuɗin jira. An yi abin kirki ma, ba a ce ba a yi ba: Jami'ar Sakkwato ta 1975, da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da madatsar ruwa ta Bakolori da aka gama a 1978, duk 'ya'yan wannan zamani ne. Amma a daidai lokacin ne farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya manomi, kuma da yake gwamnati ta sami wata saniyar tatsa, ba ta damu ƙwarai da tayar da shi ba. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. A 1979 jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya ji daɗi, amma igiyar da ta ɗaure hukuma da gonarsa ta ƙara tsinkewa.

Shagari ya zama Shugaban Ƙasa a Oktoban 1979, shekarar da ake haƙo ganga miliyan 2.3 a rana. Daga 1981 kasuwa ta juya baya. Kafin 1983 kuɗin da mai ke kawowa ya ragu da fiye da rabi, aka shiga tsuke bakin aljihu, kuma a ranar ƙarshe ta 1983 soja suka karɓe mulki. Mutum guda ya ga cikar tulu, ya kuma ga fashewarsa, alhali man da ke cikin ƙasa bai ragu da wani abin a zo a gani ba. Farashi ne ya sauya, shi kuwa ba a Ikko ake yanka shi ba.

Akwai kuma wani kuɗi da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato ɓarnar da haƙar ke yi. Tsarin mulkin 1963 ya bar wa yankin da aka haƙo ma'adini rabin kuɗin da aka samu. A farkon shekarun 1980 kason ya faɗo har kashi 1.5 cikin 100, sai tsarin mulkin 1999 ya mai da shi 13. A tsakanin nan ne marubuci Ken Saro-Wiwa, wanda ya taɓa shugabantar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ya tashi yana kukan gurɓacewar ƙasar Ogoni, aka rataye shi da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna cewa tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai na iya cin shekara 25 zuwa 30.

Man Nijar

Nijar ta riga ta ɗanɗana irin wannan zuma da maɗacinta ta hanyar yuraniyom. An fara haƙarsa a Arlit a 1971, ya yi tsada a zamanin Seyni Kountché, aka yi manyan gine-gine a Yamai, sannan farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, ya bar ƙasar da bashi. Shi kuwa mai, tun shekarun 1970 kamfanonin Amurka da Faransa, irin su Texaco da Esso da Elf, suke ta haƙa a gabashin ƙasar, kuma sun same shi. Abin da ya hana su ci gaba shi ne lissafi: mai ne a tsakiyar hamada, nesa da teku, kuɗin kai shi kasuwa ya fi ribarsa. Haka man Agadem ya yi shekara talatin a kwance, an san da shi, amma bai sayi ko mudun gero ba.

A watan Yunin 2008, lokacin da ganga ta haura dala 100, gwamnatin Mamadou Tandja ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Kamfanin ya biya dala miliyan 300 na sa hannu, ya kuma yarda da sharaɗin da na baya suka ƙi, wato gina matata a cikin ƙasa. Aka ja bututu mai tsawon kilomita 462 daga Agadem, cikin Jihar Diffa, zuwa matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe ranar 28 ga Nuwamba, 2011. Tana tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 cikin 100 na kamfanin Sin, 40 na gwamnatin Nijar. A farkon lamarin abin da ƙasar ke sha bai kai rabin wannan ba, saboda haka tankoki suka riƙa fita da ragowar zuwa maƙwabta, har da Arewacin Nijeriya.

Mataki na biyu shi ne kai ɗanyen mai teku. An duba hanyar Cadi da Kamaru, daga bisani aka zaɓi tsohuwar hanyar gyaɗa. A Satumban 2019 aka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa kudancin Nijar, ya tsallaka Kwara a wajen Gaya, dab da iyakar Jihar Kabi, ya sauka a Seme kusa da Kwatano. An gina shi don ɗaukar ganga 90,000 a rana, kuma a watan Mayun 2024 jirgin farko ya yi lodi, shekara 66 bayan na Nijeriya.

Awon Manomi

To, yanzu bari mu ɗauko tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Dami nawa? Man da aka tabbatar a Nijeriya ya kai kimanin ganga miliyan dubu 37, wato biliyan 37. Na Nijar kuwa, ƙiyasin da aka fi ambata yana tsakanin miliyan dubu 1 da miliyan dubu 2. Nijeriya ta haƙo kimanin ganga miliyan 1.5 a rana a 2024. Nijar, in matata da bututu duk sun cika aiki, 110,000 ne. Ta wannan fuska ba a ma fara gasar ba. In aka ci gaba da ɗiba a haka, na Nijeriya zai haura shekara 60, na Nijar kuwa, bisa ƙaramin ƙiyasi, shekara 25 ne.

Baki nawa? Nan ne labari ya sha bamban. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 220, na Nijar kimanin miliyan 26. In aka raba man da ke ƙasa, kowane ɗan Nijeriya zai tashi da ganga kusan 170, ɗan Nijar kuma 40 zuwa 80. In aka raba abin da ake haƙowa kullum, ganga guda ta mutum 147 ce a Nijeriya, ta mutum 236 a Nijar. Da yake ganga lita 159 ce, rabon ɗan Nijeriya a rana lita ɗaya ce da ɗan ɗori, na ɗan Nijar kashi biyu cikin uku na lita. In ganga tana dala 70, litar nan ba ta kai rabin dala ba, kuma tun ba a cire kuɗin haƙa da rabon kamfani ba ke nan. A gwada da Kuwaiti, mai ganga miliyan dubu 101 da mutanen da ba su kai miliyan 5 ba, inda rabon mutum guda ya haura ganga 20,000. Mun daɗe muna kiran kanmu masu arzikin mai. Gaskiyar magana ita ce mu gida ne mai yawan baki wanda ke da 'yar rijiyar mai a bayan ɗaki.

Yaya nisan kasuwa? Rijiyoyin Nijeriya suna bakin teku ko cikinsa, kuma manta mara nauyi ne, mai ƙarancin farar wuta, irin wanda matatu ke so. Na Nijar ya fi nauyi, sannan sai ya yi tafiyar kilomita 2,000 ta cikin gidan wani. An ga illar haka nan da nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Mohamed Bazoum, dangantaka da Benin ta yi tsami. A Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon ya hana lodi don Nijar ta ƙi buɗe iyaka, a Yuni kuma 'yan tawaye suka fasa bututun. Ita ma Nijeriya hanyarta ba ta rasa 'yan fashi ba, don a Agusta da Satumban 2022 satar mai da fasa bututu sun sa abin da take haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana.

Nawa ne bashin? A tsofaffin yarjejeniyoyin haɗin gwiwa, kamfanin NNPC yana da kashi 55 zuwa 60 cikin 100. Rabon gwamnatin Nijar a man da aka fara fitarwa a 2024 kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne, don sai mai jari ya fara cire abin da ya kashe. Daɗin daɗawa, a Afrilun 2024 Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, da ruwan kashi 7 cikin 100, a kan za ta biya da mai. Kada ɗan Nijeriya ya yi dariya, don a 2023 NNPC ya ƙulla rancen fiye da dala miliyan dubu 3 ta hannun bankin Afreximbank, shi ma da ɗanyen mai za a biya. Kowane ƙauye ya san ƙarshen manomin da ke cin bashi da damina a kan hatsin da bai nuna ba.

Rumbun fa? A 2004 Nijeriya ta buɗe asusun rarar mai. Da taimakonsa aka fita daga bashin ƙungiyar Paris a 2006, ya kuma kai kimanin dala miliyan dubu 20 a 2008. Kafin 2023 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba. Ƙasar Norwe, wadda man da ya rage mata bai kai rubu'in na Nijeriya ba, ta kafa nata asusun a 1990, a 2017 ya haura dala miliyan dubu sau dubu. Benezuwela kuwa, mai ganga miliyan dubu 300, wadda ta fi kowa a duniya, mutanenta fiye da miliyan 7 sun bar gida neman abinci. Haka nan matatun gwamnatin Nijeriya huɗu, na Fatakwal biyu da Warri da Kaduna, waɗanda aka gina don tace ganga 445,000 a rana, sun yi shekaru a tsaye ana sayo tataccen mai daga Turai, alhali 'yar matatar Damagaram tana aiki. Har a Nuwamban 2020 gwamnatin Nijeriya ta sa hannu a kan takardar fahimta don sayo mai daga can. Sai a Satumban 2024 matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur.

Lita a Bakin Iyaka

Layin da Turawa suka ja bai taɓa tsare mai ba. Shekara da shekaru gwamnatin Nijeriya tana biyan tallafi don fetur ya yi araha, shi kuwa yana bin jarkoki ta Illela zuwa Ƙonni, ta Kamba zuwa Gaya, ta Jibiya zuwa Maraɗi. Abin da muke kira bumburutu a nan, can ruwa-ruwa suke ce masa, kuma dubban gidaje da shi suka ci abinci. Ashe wani kaso na arzikin man Nijeriya a Nijar aka sha shi, tun kafin ta haƙo nata. In Nijeriya ta rufe ƙofa kuwa, can ake jin zafin. Rufe iyakar da aka yi daga 1984 zuwa 1986 ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura naira 1,000. Ruwa-ruwa ya ja baya, jama'ar Nijar suka koma gidajen mai, matatar Damagaram ta kasa ɗaukar nauyin. A Maris na 2025 aka yi dogayen layuka a Yamai, har hukumomin ƙasar suka nemi agajin tankoki daga Nijeriya, duk da rashin jituwar da ke tsakani. Ga manomin fadamar Kebbe mai injin ban-ruwa, da ɗan kabu-kabun Tambuwal, da direban da ke kai albasa kudu, darajar mai duka a nan take, a kuɗin lita, da kuma ɗan kason da ke zuwa ƙaramar hukuma daga asusun tarayya wata-wata.

Ƙarƙashin Gonakinmu

Saura maganar mai cewa akwai shi a nan. Gaskiya ne ƙasar Sakkwato da yammacin Nijar a kwari guda suke a wajen masana duwatsu, wanda suke kira Iullemmeden. Amma Agadem ba a cikinsa take ba. Tana can gabas ne, a wani tsohon tsagin ƙasa mai zurfin gaske da ake kira Termit, wanda ya fi kusa da Barno. Mai yana bukatar laka mai kauri da zurfi, wadda zafin ƙasa zai dafa shekaru aru-aru, ita kuwa shimfiɗar kwarin Sakkwato ba ta da irin wannan kauri. Ko a ɓangaren Barno, NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 bai sami na kasuwa ba.

Mutum na uku, Aminu Waziri Tambuwal, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, lokacin da ake ta kai-kawo da ƙudurin gyara harkar mai, wanda bai zama doka ba sai a Agustan 2021. Dokar ta ware kashi 30 cikin 100 na wata ribar NNPC don bincike a sababbin wurare, har da kwarin Sakkwato. A 2019 aka ba da sanarwar gano mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gwambe, a Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin. A kwarin Sakkwato kuwa ba a taɓa ba da sanarwar man da ya isa kasuwa ba. Abin da aka tabbatar a ƙarƙashinmu shi ne farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita tun 1967, da dutsen takin zamani na Dange da Shuni, da ruwa mai yawa a cikin ƙasa. Bincike ba laifi ba ne, amma Hausawa sun ce kada ganin hadari ya sa a yi wanka da kashi.

Kammalawa

Da wannan awo, Nijeriya ta fi Nijar mai nesa ba kusa ba, ta fi ta sauƙin hanya, ta fi ta kaso. Amma da aka ƙirga bakuna, ratar da ta kai ninki goma sha a abin da ake haƙowa kullum ta dawo ba ta kai ninki biyu ba, kuma a wajen bashi da yoyon rumbu ba wadda za ta yi wa 'yar'uwarta gori. Abin da Nijar ta fi mu shi ne ta zo daga baya, tarihinmu na gabanta a buɗe, in ta ga dama ta karanta.

Rijiyoyin Oloibiri sun daina aiki tun 1978, bayan shekara ashirin kacal. Mahaƙar yuraniyom ta Akokan, kusa da Arlit, ta rufe a 2021. Wata rana haka za a rufe Agadem, haka za a rufe Bonny. Ranar nan ba wanda zai tambayi ganga nawa aka ɗiba. Za a duba makaranta ne, da asibiti, da hanya, da madatsar ruwa, a ga abin da gangunan suka zama. Fadamun Kebbe da gonakin Dogon Daji kuwa, waɗanda suka ciyar da mutane tun kafin Salisbury ya ja layinsa, suna nan suna jiran a zuba masu wani abu daga cikin kuɗin tun bai ƙare ba.